Hatsin Marayu

Ni dai tun ina yarinya kara ba ta taɓa burge ni ba. Mutum yana jin yunwa a miƙa masa abinci ya ce ya ƙoshi, yana son abu ya kau da kai, sai ranar da aka binne shi a ce ai wane mutumin kirki ne, bai taɓa buɗe baki ya ce kaza ba. To na ga inda irin wannan kirkin ya raba uwa da 'yarta, a gidan hayar da nake zaune a Sabon Garin Gusau. Sunana Maimuna, ƙosai nake soyawa a ƙofar gidan, kuma duk macen da ta haihu a cikinsa ni nake yi mata wankan jego. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Fiddausi, saboda haka labarinta ba a bakin wani na ji shi ba.

Fiddausi 'yar Bilbis ce ta ƙasar Tsafe. Mahaifinta limamin unguwarsu ne, mutum mai tsantseni, wanda ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai a gidansa sai ya aika an mayar musu. A gabansa ta yi karatu, kuma duk abin da ya faɗa mata ya zauna daram. Ta taɓa gaya mini cewa abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ranar da ya fassara musu ayar masu cin dukiyar marayu, ya ce wuta suke zuba wa cikinsu. Ta girma ta auri wani manomi mai suna Muktar, ta haifi 'ya ɗaya, Nusaiba. Wata damina ɓarayin daji suka tare manoma a hanyar gona, Muktar yana cikin waɗanda aka ɗauko gawarsu.

Bayan takaba ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, tana kawowa kasuwar Gusau. A nan ta haɗu da Mahadi, direban wata tsohuwar mota mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Mutumin Bungudu ne, shi ma matarsa ta rasu ta bar masa yara uku, suna hannun kakarsu ta wajen uwa, Hajiya Ummi. Mahadi irin mutanen nan ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Yadda ma aka yi ya iya buɗe baki ya ce yana son ta, har yau ban sani ba.

Sharaɗi ɗaya ta kafa masa, cewa duk inda za ta zauna da 'yarta za ta zauna. Ya ce ya yarda. Wanda bai yarda ba shi ne Jatau, yayan marigayi Muktar, wanda ya ce jininsu ba ya zaman agolanci a gidan wani. Sai da dattawa suka sa baki sannan ya sassauta, amma ya faɗa a gaban kowa cewa ranar da ya ga yarinyar cikin wahala, ranar zai ɗauke ta, kuma ba mai ba shi haƙuri. Da wannan maganar a kanta Fiddausi ta shigo Gusau. Ba ta da abin da take tsoro a duniya kamar a raba ta da Nusaiba, ga shi kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. "Ke" take ce mata, in tana maganarta da wani kuma ta ce "yarinyag ga".

Da kaka suka tare. Mahadi ya kwaso 'ya'yansa daga Bungudu, ita ta taho da tata daga Bilbis, mutum shida a ɗaki biyu. Ranar har Hajiya Ummi ta rako jikokinta, da buhunan gero a bayan mota. Geron na gonar da uwar yaran ta gada ne, wadda ta zama tasu bayan rasuwarta. Da aka jingine buhunan a ɗakin Mahadi, tsohuwar ta dafa ɗaya, idonta ya ciko, ta dubi amarya ta ce, "Hatsin marayu na, ɗiyata. Gonar uwassu ta. Ga su nan, amana na ba ki."

Ina tsaye a wurin, kuma wallahi ba da wata manufa ta faɗa ba. 'Yarta ta tuna. Amma na ga fuskar Fiddausi ta canza, ta durƙusa ta ce, "Na karɓa, Hajiya. Allah shi ba ni ikon riƙewa."

Mahadi ɗan ƙauye ne a wajen awo. Kowace safiya kafin ya tafi tasha shi da kansa yake buɗe buhu ya fitar da na yini, don ya riga ya lissafa yadda geron zai kai su wata kakar, kuma lissafin a matse yake. Yana da wani tsohon kwanon awo mai lamba a gefe. Zai cika shi ya shafe bakin, sannan ya sake sa hannu a buhu ya ɗebo tafi biyu ya tula a kai, ya miƙa mata ba tare da ya ce uffan ba. Har tsiya nakan yi masa, in ce, "Malam Mahadi, kai kam da kasuwa kaka awo da ka karye, wanga gyara haka?" Sai ya yi murmushi ya sa takalminsa. Ita kuma ta karɓa ta shige ɗakinta wai za ta tsince, can ta fito ta kai niƙa.

Abin da na fara lura da shi shi ne wajen rabon tuwo. Na maigida a rufe a kai masa ƙofar gida inda yake ci da maza. Na yaran uku a babbar roba. Sai nata kwanon, ta janyo Nusaiba su zauna a bakin ƙofa, ta sa yatsa ta ja layi a tsakiyar tuwon, rabi nata rabi na yarinyar. Jamila, babbar 'yar Mahadi, sa'ar Nusaiba ce, takan ce, "Nusaiba, taho mu ci." Yarinyar sai ta dubi fuskar uwarta, ta girgiza kai. Na tambayi Fiddausi dalili, ta ce ai ta saba ci da ita ne tun a Bilbis. Na ɗauka shagwaɓar marainiya ce, na bar maganar.

Sai da ciki ya fito mata sannan ta gaya mini gaskiya, shi ma don na tsare ta. Mace mai ciki wuyanta yana ƙara tsawo, ƙashin kafaɗa yana fitowa, ai dole a tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, geron ga na ɗiyan Malam na. Ni in na ci, aiki nika yi musu, ina dahwa musu ina wanke musu, na san Allah ba shi kama ni. Amma yarinyag ga mi ag gaminta da gonar uwassu? Ba ni zuba ma ɗiyata wuta cikin ciki. Rabona dai nawa na, shi nika raba muna."

Raina ya ɓaci, na ce, "Ke Fiddausi, ki ji tsoron Allah! Wa yac ce miki haka addini yac ce? Ɗiyan ga ubansu na nan da rai, taki ta ba ta da uba. In ana maganar maraici wa yak kai ta? Ki tambayi mijinki mana!"

Ta ce, "In tambaye shi mi? In ce mai shi ɗebi na ɗiyanai shi ba tawa? Ya riƙe ta, ya sa ta makaranta, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da wane baki?"

Ni bakina ba ya riƙe magana. Washegari na tare Mahadi a zaure na ce masa, "Matarka ba ta ƙoshi, kuma ciki gare ta." Ban ambaci zancen Nusaiba ba, don ta roƙe ni kada in tona mata wannan, kuma na ɗauka in abinci ya ƙaru a tukunya ai magana ta ƙare. Ya ce, "To, Gwaggo. Na gode." Daga ranar gyaran ya koma tafi uku. Wani lokaci ya shigo da 'yar ledar kifi ya miƙa mata, ita kuma ta bi 'ya'yansa da shi ɗaya bayan ɗaya, ta tsotsi kan. Na ga ana ƙara awo, na ce alhamdu lillahi, amma wuyan Fiddausi bai cika ba.

A shekarar nan komai ya tashi. Mai ya yi tsada, fasinja ya ragu, hanyar Tsafe kuma wata rana a bi wata rana a ji tsoro a ajiye mota. Kaka ta zagayo, buhunan da suka zo daga Bungudu ba su kai na bara ba, don ba a nome gonar duka ba. Ga haihuwa ta matso, haihuwa kuwa ba ta san ana tsadar rayuwa ba. Itacen wankan jego kaɗai abin a zauna a yi tunani ne, ga ragon suna, ga zannuwa da sabulu da 'yan riguna. Na ji su ta bango suna shawara bayan sallar la'asar. Suka cire shayi da burodin safe. Shinkafa ta koma ta Juma'a kaɗai. Nama sai in ya samu. Famfas ta ce a bar shi, za ta yanka tsofaffin zannuwanta ta riƙa wankewa. Sun yi maganar gishiri, sun yi ta manja, sun yi ta kuɗin niƙa, har ashana sai da suka ambata. Bakin kowa bai kai kan abincin Nusaiba ba.

Ta haifi namiji, aka sa masa Faruk. Mahadi ya sayar da wayarsa mai kyau ya sayi ɗan rago, aka yi suna daidai gwargwado. Ni na yi mata wanka har ta yi arba'in, kuma na yi wa mata da yawa wanka a rayuwata, ban taɓa ganin mai jego da zan iya ƙirga haƙarƙarinta ba sai ita. Kunun kanwar da nake dama mata da hannuna, in na juya baya sai in tarar ta tsiyaya wa Nusaiba rabi a kofi. Na yi faɗa har na gaji.

Nono bai zo da yawa ba. Yaron ya kama ya tsotsa ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa. Da muka ga ba ya ƙaruwa sai na raka ta asibitin unguwa awon jarirai, Nusaiba tana biye da mu riƙe da ledar tsummokaransa. Malamar asibitin ta ɗora shi a sikeli, ta dube shi, ta dubi uwar, ta ce, "Baiwar Allah, kina cin abinci kuwa?"

Fiddausi ta ce tana ci. Sai Nusaiba, da yake yarinya ce kuma tana son a san uwarta ba ta yi laifi ba, ta ce, "Tana ci. Tare muka ci, kwano guda. Inna ka raba muna shi tsaka."

Malamar ba da mugunta ta yi maganar ba, ga layi a bayanmu, tana rubutu tana cewa, "To ai shi ke nan. Abin da kika ci shi ne nonon. In kin raba kwanonki biyu, nonon yaron nan kika raba biyu." Ta ce a haɗa masa da madarar gwangwani kafin jikin uwar ya dawo. Babu wanda ya dubi Nusaiba a lokacin. Ashe duk maganar a kunnenta ta faɗa.

Madarar gwangwani ita ta ƙarasa gidan. Gwangwani ɗaya yana cinye cefanen kwanaki, kuma kafin ka juya ka ji cokali yana kankarar gindinsa. Shinkafar Juma'a ta tafi, miya ta koma kuka da gishiri da ɗan daddawa. Mahadi ya riƙa fita tun da sassafe yana dawowa idonsa ja wur. Ita kuwa Nusaiba sai ta ɓullo da sabon hali. In uwar ta ja layi a tuwo, sai ta yi loma biyu ko uku ta tsame hannu ta ce, "Na ƙoshi, Inna." A yi lallashi, a yi faɗa, ta ce ita cikinta ya cika. In na kira ta na ba ta ƙosai sai ta karɓa ta gode, in bi ta da ido in ga ta kai wa uwarta ta ce Gwaggo ta ce a ba ki. Yarinyar da ba ta fi shekara takwas ba ta koyi kara tun ba ta san sunanta ba, ta zama kamar sillen kara, idanu kaɗai a fuska.

Ana cikin zafin bazara Jatau ya shigo Gusau sayen taki, ya biyo ya ga jariri. Mahadi yana kan hanya. Nusaiba ta fito da murna ta durƙusa ta gaishe shi, ya kama hannunta zai ɗaga ta, sai ya tsaya. Ya zagaye damtsenta da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Bai yi hayaniya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Fiddausi, ɗiyar Muktar ta wagga?"



Ya ce, "Mu can ƙauye ɓarayi sun hana mu noma rabin gonakinmu, amma wallahi ba mu da yaro mai wanga hannu. Kin tuna abin da nic ce gaban mutane. Haɗa mata kayanta."

Na shiga tsakani, na ce ya jira maigidan ya dawo a zauna. Ya ce ba shi da magana da mutumin da ya ciyar da nasa uku ya bar marainiya ɗaya. A nan na zaci Fiddausi za ta yi kururuwa, ta faɗi a ƙasa, ta riƙe ƙafarsa, ta ce laifinta ne ba na mijinta ba. Macen da ta ƙi aure sai da 'yarta! Sai na ga ta dubi jaririn da ke cinyarta, ta dubi gwangwanin madara a kan taga, ta dubi hannun Nusaiba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗaure 'yan kayan yarinyar a ɗankwali. Da suka kai zaure ta ce, "Ke, ki yi ma Baba Jatau biyayya." Iyakar abin da ta ce ke nan. Sai da suka ɓace ta dawo ta zauna a bakin ƙofa inda suke cin tuwo, ta yi wani irin kuka marar sauti.

Mahadi ya dawo da yamma ya tarar babu yarinya. Ya tambaya, ta ce dangin ubanta sun karɓe ta. Sai ya ce, "Haƙƙinsu na." Ya ɗauka Jatau ya zo ne da ikonsa na uba, kuma yana jin nauyin ya yi jayayya da dangin mamaci a kan 'yarsu. Na so in fasa ƙwan a ranar, ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri. Washegari da ya zo fitar da awo, na ga ya cika kwano ya shafe, ya sa hannu a buhu, sai ya tsaya, ya zare hannun babu komai.

Jikin Fiddausi ya fara dawowa, tunda yanzu ita kaɗai take cin kwanonta, ko da yake tana ci ne kamar mai shan magani. Nono ya kawo, aka daina sayen madara, Faruk ya yi kumatu. Da damina ta yi nisa geron Bungudu ya ƙare ƙaf, sabo kuma bai nuna ba. Wata safiya Mahadi ya kakkaɓe buhun ƙarshe, abin da ya fito bai rufe gindin kwano ba. Ya tsaya a tsakar gida da kwanon a hannu, yara suna kallonsa.

Sai Fiddausi ta ce, "Malam, dakata." Ta shiga ɗaki ta fara fito da bokitan fenti, waɗanda ta jera a bayan gado, kowa ya zaci tsummokara ne a ciki. Ta jere su a gabansa ta buɗe. Gero ne fal, an barbaɗa masa busasshen barkono don kada ƙwari su shiga. Har da ɗan murmushinta, na farko tun tafiyar yarinyar, ta ce, "Ga hatsin ɗiyanka. Hannunka yana da yawa wajen awo, kullum sai ka zarce. Abin da yah hau bisa kwano nika shahewa in aje musu, tun randa munka tare. Ko ƙwara guda ba ta ɓace ba."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Mahadi. Ya durƙushe a ƙasa, ya dafa bokiti ɗaya. Da ƙyar ya ce, "Fiddausi, na Nusaiba na."

Ta ce, "Na wa?"

Ya ce, "Kwano namu na, mu biyar. Na bisa nata na. Tun randa Hajiya tak kawo buhunan ta ja ni gehe tac ce in riƙa sa rabon yarinyar, tac ce ita ta marainiyar gaske, ta yahe mata har abada. Na ƙara na ukku don ke, da Gwaggo tai man magana."

Ta ce, "Mi yas sa ba ka hwaɗa man ba?"

Ya ce, "In miƙo miki in ce ga na ɗiyarki? Kamar wata baƙuwa? Ban so ki ji na ware ta ba."

Ni kam a ranar na zage su su biyun, babba da babba, ban bar komai ba. Na ce ga abin da kunyarku ta haifa, abincin yarinya yana bayan gado tana kwana kusa da shi da yunwa.  Fiddausi ta zuba hannuwanta biyu a cikin geron, hawaye suna ɗiga a kai.

Ranar Juma'a Mahadi ya loda bokitan a mota, ya ce rabon mai shi ne, ko za su kwana da yunwa ba za a taɓa ba. Muka tafi Bilbis, ni da shi da Fiddausi da goyonta. Ya zauna gaban Jatau ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi irin tsawonta ba. Jatau ya saurara, ya buɗe bokiti ya duba, ya share ido da bakin rigarsa, ya nemi gafarar Mahadi. Ya ce shi ya janye, a tambayi yarinyar, in tana so ta bi uwarta yau.

Nusaiba ta murmure, kumatu sun fito, an yi mata kitso. Ta rungume uwarta, ta karɓi Faruk tana juya shi tana dariya. Matar Jatau ta kawo mana tuwon dawa, ta zuba wa uwa da 'ya a kwano ɗaya. Suna zama yarinyar ta sa yatsa ta ja layi a tuwon, ba a tsakiya ba, ta tura babban ɓangaren gaban uwarta.

Fiddausi ta ce, "Ke, Baba Jatau ya yarda. Tashi ki ɗauko kayanki mu tahi gida."

Yarinyar ta dubi jaririn, ta taɓa kumatunsa, ta ce, "Inna, ya yi ƙiba."

"Ya yi."

"To ki bar ni nan. In na koma nononai ƙarewa shika yi."

Uwar ta ce ba haka ba ne, ta nuna mata bokitan, ta ce duk wannan nata ne, tun farko nata ne, akwai abinci, kowa zai ƙoshi. Mahadi ya yi magana, ni ma na yi, Jatau da kansa ya sa baki. Yarinyar ta saurare mu duka da ladabi, sannan ta ce, "A kai mai shi sha kunu. Ni nan ina ƙoshi." Ta miƙa jaririn, ta tashi ta nufi bayan ɗaki.

A nan ne Fiddausi ta buɗe baki ta ce, "Nusaiba!" Yarinyar ta tsaya ta waiga, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya don ta ga wanda ya kira ta, domin ba ta taɓa jin sunan a muryar uwarta ba. Da ta gane, sai ta yi murmushi, ta ɗaga hannu, ta wuce.

Jatau ya ce a bar ta ta huce, kada a yi mata dole, wataƙila in an yaye yaron ta yarda. An yaye Faruk, yana gudu a tsakar gida yanzu, an koma Bilbis ba sau ɗaya ba. Kullum takan tarbe su da murna, ta tambayi lafiyar ƙaninta, in an zo tafiya ta ce ita a nan tana ƙoshi.

Fiddausi tana nan a ɗakin da ke jikin nawa, ta koma yin ƙuli-ƙulinta. Kowace safiya Mahadi yakan cika kwano ya shafe baki, ya ɗebo tafi biyu ya tula a kai. Yanzu ya iya magana, da ƙarfi yake faɗa har ina ji daga wajen kaskona: "Ga na Nusaiba." Ita kuma ta dafa duka, ta zuba na yarinyar a kwanonta daban, ta rufe, ta ajiye a bakin ƙofa.